Sabuwar Kwamfutar Tebur Ta Ci Kuɗinta? Tambayoyi da Amsoshi daga Zariya

Sana'ata gyaran kwamfuta da haɗa ta, a nan Samaru. Duk sa'ad da aka ce wani kamfani ya fitar da sabon zubi, sai an shigo shago da hoto a waya ana tambaya: a saya ko a haƙura? Akwai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, akwai malamansu, akwai masu shagunan buga takardu na Sabon Gari da PZ, akwai iyayen da ke son saya wa yara. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su yadda aka saba yi mini su. Da gangan na bar farashin naira, don wanda aka faɗa da safe ba lallai ya kai la'asar ba.

Injiniya, sun ce ta bana ta fi ta bara. Gaskiya ne?

Ta fi, amma da nawa ta fi? Nan ne maganar take. Ɗauki Intel, kamfanin da ke ƙera farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. A Oktoban 2023 suka fitar da zubi na 14, shekara guda bayan na 13. Babbar farosesar zubi na 13, wato i9-13900K, tana da ƙwayoyin aiki 24, gudunta yana kai gigahaz 5.8. Wadda ta gaje ta, 14900K, ƙwayoyi 24 ɗin dai, gudu 6.0, kuma gurbi ɗaya suke zama a kan madabod, wato babban faifan da ake jona kayan cikin kwamfuta a kai. Ka zaunar da mutum gaban biyun ba ka gaya masa komai ba, ya wuni bai gane wacce ce sabuwa ba.

Akwai kuma shekarun da ake yin tsalle na gaske. A 2017, da zubi na 8, i5 ta tashi daga ƙwaya huɗu ta koma shida. A 2020 Apple ya rabu da Intel ya fara sa farosesar da ya ƙera da kansa, M1, mai aiki da yawa da wuta kaɗan. A ƙarshen 2024 ya ninka ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na ƙaramar kwamfutarsa Mac mini daga giga 8 zuwa 16 bai ƙara ko sisi a kan dala 599 ba. Irin wannan ake kira sabuntawa. Sauran kuwa galibi sabon kwali ne da sabuwar lamba.

Kuma kada ka gwada ta bana da ta bara, sai dai in ta bara ce a gabanka. Gwada ta da wadda ke kan teburinka yanzu. In taka ba ta haura shekara huɗu ba, kuma aikinka bai canja ba, da wuya sabuwar ta rage maka ko minti goma a wuni.

Wani ya ce zai ba ni i7 a farashin i3. Ba garaɓasa ba ce?

Ƙanena, tambaye shi zubi na nawa. Sunan i3, i5 da i7 matsayi ne a cikin zubi ɗaya, kamar wa da ƙane a gida ɗaya. Ba ya gaya maka shekarun gidan. Lambar da ke biye ita ce mai magana: i7-4770 zubi na 4 ce, ta 2013, i5-8500 zubi na 8, i3-12100 zubi na 12, ta 2022. Wannan i3 ɗin ta 2022 ta fi i7 ta 2013 gudu nesa ba kusa ba, ga shi ba ta kai ta shan wuta ba. Duk mai sayarwar da ya ce maka "i7 ce" ya yi shiru bai ƙarasa lambar ba, a lambar ne abin da yake ɓoyewa yake.

Na ga an rubuta dala 599 a kan Mac mini a intanet. Me ya sa a nan ake faɗin kuɗin da ya kusa sayen fili?

Wannan farashin Amurka ne, kafin haraji. Kafin kaya ya sauka Zariya ya bi ta hannun mai jigila, da kwastan, da harajin saye na kashi 7.5 cikin ɗari, da dillalin Legas, da na Kano ko Kaduna, kowa da ɗan abin da zai ɗora. Sannan ga naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Kwamfutar ba ta canja ba, albashin mai sayenta ne ya ƙanƙance a gabanta. Daga ƙarshen 2025 kuma farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duk duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi zuwa rumbunansu, wannan kuwa ya shafi sabuwa da ta hannu baki ɗaya.

Wani abin da mutane ke mantawa: dala 599 ɗin akwati ne kawai. Ba monita, ba kibod, ba linzami, ba lasifikar kirki. Ka lissafa su, ka lissafa abin kare ta daga wuta, sannan ka ce ka san farashinta.

Malam, da wutar da muke samu a Zariya, kwamfutar tebur ma tana da amfani kuwa?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma yawanci sai an biya kuɗi ake yin ta.

Kwamfutar tebur ba ta da batir. Aka ɗauke wuta, ta mutu nan take, abin da ba ka adana ba ya tafi, kuma yawan mutuwar ba-zata yana lalata fayil, yana kashe tsohon faifan ajiya mai juyawa. Saboda haka UPS, wato akwatin batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ba kayan ado ba ne, ɓangare ne na farashinta. Sai dai a gane iyakarsa: ƙaramin nan mai lamba 650VA mintuna kaɗan yake ba ka, ka adana aiki ka kashe, ko a tayar da janareta. Ba don ka ci gaba da aiki aka yi shi ba.

A nan ne sababbin injina suke da hujja mai ƙarfi, wadda masu talla a Turai ba su cika damuwa da ita ba don su wuta ba ta dame su ba. Mac mini mai farosesar M4, bisa lissafin Apple, tana shan wajen wat 4 in tana zaune, iyakarta wat 65 in an matsa mata. Ƙananan Dell, HP da Lenovo masu girman littafi su ma yawancinsu da caja mai wat 65 ko 90 suke zuwa. Irin waɗannan, har da monita, aikin ofis na awa takwas ba zai cinye yunit ɗaya ba, kuma ƙaramar sola da batir ɗaya mai kyau za su riƙe su. Ka gwada da babbar ta wasa ko ta zane mai shan wat 500: awa takwas yunit huɗu ne. Katin hoton Nvidia na RTX 5090 da ya fito a Janairun 2025, shi kaɗai wat 575 ne, kamfanin ma cewa ya yi a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 1,000. Ɗan ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin ba zai ɗauke shi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuma aka kai wutar rukunin Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, wat ya zama kuɗi a zahiri.

In inbata za ka haɗa, nemi mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi, kada ka ɗauki mai arahar nan da ke sa fanka gurnani. Sitabilaiza kuma tana da rana a unguwannin da wuta ke zuwa rabi-rabi. Da damina, hadari ya taso ana tsawa, cire filogi daga bango gaba ɗaya, har da wayar intanet. Kashe soket kawai bai isa ba.

Bari in ƙara wani abu da na gani da idona. Wani bawan Allah ɗan'uwansa ya aiko masa da kwamfuta daga Amurka, ya jona ta a ɗaki yana murna, sai ƙara da hayaƙi. A bayan wasu tsofaffin akwatunan wuta akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Tasa tana kan 115, wutarmu kuwa 230 ce. Sababbi suna gane wutar da kansu, amma duk wadda ta tsallako teku, a leƙa bayanta kafin a jona.

An ce Windows 10 ta daina aiki. Dole ne in sayi sabuwa?

Ba ta daina aiki ba. Abin da ya faru, ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko mata da gyaran tsaro na kyauta da aka saba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda da farko aka yanka wa na masu amfani a gida ranar ƙarewa 13 ga Oktoba 2026. Kwamfutar za ta kunnu, firinta za ta buga. Amma duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe za ta zauna. Wadda ke lungun shago tana buga katin biki, ba ta shiga intanet, ba abin da zai same ta. Wadda ake shiga banki da ita, ko ake ajiye sakamakon ɗalibai, ko bayanan marasa lafiya, ita ce abin dubawa.

Windows 11 tana buƙatar ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da farosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama in farosesar kamfanin AMD ce. Ka ga ke nan ba sabuwa dal ake nufi ba; injin 2018 ma ya cika sharaɗi. Akwai masu ɗora ta da dabara a kan tsofaffi, tana kuma tafiya, sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba.

To ta hannu fa? Ina tsoron in sayi ciwon kai.

Tsoronka a kan hanya yake, amma ga yawancin masu tambayata, amsar tana nan. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, su ne ake lodowa a kwantena: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre. An ƙera su don su wuni a kunne, suna buɗuwa cikin sauƙi, kayan gyaransu kuma suna ko'ina. Mai shagon buga firojet a bakin harabar jami'a ta Kongo, ko makarantar da ke son cika ɗakin jarrabawar kwamfuta, ko ofishin da aikinsa Word da Excel ne, da kuɗin sabuwa ɗaya mai tsada zai iya ɗaukar irin waɗannan fiye da ɗaya, kuma ba wanda zai ji bambanci a yatsunsa.

Tarkon yana kan iyakar nan ta zubi na 8. OptiPlex 7050 da EliteDesk 800 G3 suna ƙasa da ita. OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4 suna samanta. A ido kamarsu ɗaya. Tun da aka daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, waɗanda ke ƙasa da iyakar ne ƙasashen waje ke neman kai da su, saboda haka su za ka fi gani da araha mai daɗi. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ba kowane tsohon tulu ne ke da zuma ba.

Sabuwa tana cin kuɗinta ga wanda lokaci ne jarinsa: mai tace bidiyon biki da zai miƙa aiki biyar a mako, mai zanen gini da ke jiran hoto ya kammala, mai bincike da ke juya bayanai masu nauyi. In aikin da ke cin awa uku ya koma awa ɗaya, injin zai biya kansa.

Ɗana ya nace sai Apple. Yana karatun zanen gine-gine. In saya masa?

Hajiya, kafin ki fitar da kuɗi, ki sa ya rubuto miki sunayen manhajojin da ake koya musu a sashensu. AutoCAD da ArchiCAD suna da na Mac. Revit ba shi da shi, haka SolidWorks na masu injiniyanci, haka ArcGIS Pro na masu taswira. Waɗannan na Windows ne. In ɗayansu yana cikin jerin, Mac za ta zame masa kyan ɗan maciji, kullum yana ɗakin abokinsa yana roƙon aron kwamfuta.

In kuwa aikinsa hoto ne, ko bidiyo, ko sauti, ko rubuta manhaja, Mac mini mai M4 tana cikin sababbin da zan ce sun ci kuɗinsu. Faɗinta inci biyar ne kowane gefe, ba ta yin ƙara, ba ta shan wuta sosai. Aibinta biyu. Ram ɗinta a manne yake da farosesa, abin da aka saya da shi za a mutu, ba ƙari. Ma'ajiyarta ta farko kuma, da ta fito a 2024, giga 256 ce kacal, kuma a kan ƙara ta zuwa 512 Apple ya sa dala 200, kuɗin da ya fi ƙarfin abin. Gara a sayi SSD, wato ma'ajiyar zamani mai sauri, na waje a jona. Sai maganar gyara: in madabod ɗinta ya ƙone, ba irin wanda za a shiga Sabon Gari a samo ba ne.

iMac mai inci 24 kuwa, da ta fara daga dala 1,299, kyakkyawa ce ƙwarai, allonta kamar a lasa. Amma komai nata a haɗe yake. Allon ya fashe, kwamfuta ta tsaya. Cikinta ya tsufa, allon mai kyau ya bi shi. A ganina ba ta gidan da yara ke guje-guje ba ce. Kuma in wani ya kawo miki tsohuwar Mac mai Intel da araha, ki sani Apple ya sanar cewa macOS 26 ce ta ƙarshe da za ta hau irinsu.

Wannan tambarin na AI, wato ƙirƙirarriyar basira, da ake liƙawa a kwali fa?

Yana nufin akwai wani ɓangare a farosesar da aka keɓe wa irin wannan lissafi. ChatGPT da 'yan'uwansa da ka saba amfani da su ba a cikin kwamfutarka suke aiki ba, a rumbunan kamfanoninsu suke. Data suke so daga gare ka. Kada ka ƙara kuɗi don tambari.

Tawa tana nauyi kamar jaki da kaya. Ba alamar ta ƙare ba ke nan?

Sau da yawa ba farosesa ce ta gaji ba, faifan ajiya ne. Tsohon mai juyawa yana karanta wajen megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa. SSD na talaka yana kai 550. Siririn nan da ake kira NVMe yana kai 3,500, zubin da ya biyo bayansa ma 7,000. Amma tsallen da jiki ke ji shi ne na farko, daga mai juyawa zuwa SSD: injin da ke cin minti uku kafin ya tashi ya koma daƙiƙa ashirin. Daga 3,500 zuwa 7,000 kuwa sai mai kwafar manyan fayilolin bidiyo ne zai lura.

Ram kuma, giga 4 shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 ta yarda da shi, amma zama da shi azaba ce. Takwas na tafiya, 16 kwanciyar hankali, 32 na masu zane da bidiyo. Mutane da dama sun shigo da niyyar sayen sabuwa, suka fita da SSD da sandar ram ɗaya, suka mayar da sauran kuɗin aljihu.

Masu haɗa tasu da kansu, su lura da gurbin farosesa. AMD ya buɗe gurbin AM4 a 2016, har 2024 yana fitar masa da sababbin farosesoshi, saboda haka mai tsohon madabod zai iya sauya farosesa kawai. Sabon gurbin AM5 na 2022 kuwa ba ya karɓar tsohon ram, sai sabon samfurin DDR5, wato sauya ɗaya ya ja uku: farosesa, madabod da ram. Wanda kuma zai sayi manyan Intel na zubi na 13 ko 14 a hannu, ya san an yi fama da matsalar tsayawarsu a 2024, har kamfanin ya fitar da gyara ya kuma ƙara musu waranti na shekara biyu. Ya tabbatar an sabunta manhajar madabod ɗin.

Ƙurar hunturu tana yi mata illa da gaske?

Ka buɗe wadda ta kwana uku a shagon bakin titi a watan Disamba ka gani. Ƙura tana toshe fanka da haƙoran sanyaya, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a shaƙe. Farosesa in ta ji zafi rage gudu take yi don ta tsira, sai ka ga injin miliyoyi yana tafiya kamar na gwanjo. A ɗaga ta daga ƙasa, a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, a busa ta da bulowa in hunturu ya wuce, a sauya man da ke tsakanin farosesa da abin sanyaya bayan 'yan shekaru. Masu gilashi da fitilu kala-kala da fanka shida sun fi kowacce zuƙar ƙura.

Laftof ba ta fi ba kawai?

Ga ɗalibin da ke hostel, ta fi. Batirinta shi ne UPS ɗinta, kuma tana bin sa aji. Ga shago da ofis, ta tebur ta fi: da kuɗi ɗaya ta fi ƙarfi, kibod ya lalace a sauya shi kaɗai, kuma ba ta shiga jakar baƙo.

Na yanke shawara zan saya. Me zan duba a wurin?

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ko a Zariya ne, ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, a kunna ta a gabanka. Ka shiga bayanin injin a cikin Windows ka karanta cikakkiyar lambar farosesa da yawan ram da idonka, kada ka dogara da takardar da aka liƙa a jiki. A nuna maka lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki. Akwai manhajojin kyauta masu nuna wannan. Dell da HP da Lenovo duk suna da shafin da za ka sa lambar jikin injin ya gaya maka ainihin ƙirarsa da matsayin warantinsa, a nan ake gane wadda aka wanke aka sa a sabon kwali. Ka gwada kowace ƙofar USB, ka tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin wani ofishi ba, in Mac ce kuma mai ita ya fita daga asusunsa na Apple, in ba haka ba ka sayi dutse.

Maganar waranti, tambayi wa zai ɗauki nauyi: kamfani ko mai shago? Kwana nawa? A rubuta a rasit tare da lambar jikin injin. In kuma daga Kano za ka taho da ita a motar haya, kada ka bari yaran tasha su cusa ta a but ƙarƙashin buhuna. In mai babban katin hoto ce, a cire katin a naɗe shi daban. Akwatin kuma ka biya masa kuɗin kujera, ko ka rungume shi a cinya har Kwangila.